Matattun Wa Muke Tunawa?

Kowace shekara ran 15 ga Janairu ƙasarmu takan tsaya domin tunawa da 'yan mazan jiya. A Abuja shugaban ƙasa da manyan hafsoshi sukan ajiye furanni a wurin tunawa da sojan da ba a san sunansa ba, a busa bigila, a harba bindigogi, a saki fararen tattabaru. Gwamnoni kuma su yi haka a jihohinsu. Kafin ranar an riga an yi addu'o'i a masallatan Juma'a da majami'u, an kuma sayar da 'yar alamar nan da ake maƙalawa a ƙirji domin taimakon tsofaffin sojoji da gwauraye da marayu. A dā ran 11 ga Nuwamba ake yin bikin, kamar sauran ƙasashen da Ingila ta mallaka. Daga baya aka mai da shi Janairu, gama ran 15 ga Janairu 1970 ne Philip Effiong ya miƙa wuya ga Janar Yakubu Gowon a Barikin Dodan da ke Legas, yaƙin basasa na wata talatin ya ƙare.

Ba ni da ja a kan wannan biki. Saurayin da ya bar iyayensa a Zonkwa ko Pankshin ko Zuru, ya tafi ya faɗi a bakin kogin Kwara, ba a ma kawo gawarsa gida ba, ya cancanci fiye da furanni. Amma akwai tambayar da ta kamata mu yi wa kanmu: cikin dukan waɗanda yaƙin ya cinye, su wa muke tunawa, su wa kuma muka bari a waje?

A Umuahia, babban birnin Jihar Abiya, akwai Gidan Tarihin Yaƙi na Ƙasa wanda aka kafa a 1985. Wurin ya dace, domin bayan faɗuwar Enugu a watan Oktoba 1967 nan ne Biyafara ta mai da hedkwatarta, har zuwa Afrilu 1969. A ciki an jera makaman kakanni, da rigunan soja na zamani dabam-dabam, akwai kuma ɗakin ƙarƙashin ƙasa inda rediyon Muryar Biyafara yake watsa labarai. A fili kuwa ga jiragen sama, ga jirgin ruwan yaƙi, ga motocin sulke da injiniyoyin Biyafara suka harhaɗa da abin da suka samu a hannu, ga kuma shahararren makamin nan nasu, Ogbunigwe, watau mai kashe jama'a da yawa. Makarantu sukan kai ɗalibai, a zagaya da su, a yi musu bayani. Gwamnatin da ta yarda ta ajiye makaman waɗanda ta yaƙa kusa da nata, ba ta narke su ba, ta yi abin yabo.

To, yaron da aka zagaya da shi, me zai fito da shi a zuciyarsa? Galibi mamaki ne: kai, mutanen nan sun iya ƙira! Gaskiya ne kuwa, sun iya. Sai dai ga abin lura, yaron zai koma gida ya riƙe sunan makamin, amma bai san sunan ko mutum ɗaya daga cikin waɗanda makamin ya hallaka ba. Bai san direbobi da sojojin tarayya da suka ƙone cikin ayarin motoci a Abagana a watan Maris 1968 ba. Bai san matan da jiragen tarayya suka jefa wa bam a tsakiyar kasuwa ba. Laifin ba na masu kula da gidan ba ne kaɗai. Ƙarfe ya fi jikin mutum daɗewa, shi ya sa shi ne yake samun wuri a gidan tarihi. Tanka tana iya yin shekara hamsin a ƙarƙashin ruwan sama, a shafa mata fenti ta koma sabuwa. Yaron da yunwa ta kashe yana shekara uku bai bar komai da za a sa a cikin gilashi ba.

Su ne kuwa mafi yawa. Masana ba su daidaita a kan adadin ba, wasu sun ce rabin miliyan, wasu sun ce miliyan biyu ko fiye, amma sun yarda cewa yawancin waɗanda suka mutu ba su taɓa riƙe bindiga ba, yunwa da cutar kwashoko ne suka kashe su bayan an toshe hanyoyin abinci. Caritas da sauran ƙungiyoyin ikilisiyoyi sun yi ta jigilar abinci da dare daga tsibirin Sao Tome zuwa Uli, inda aka mai da hanyar mota filin saukar jirgi, duk da haka bai wadatar ba. Hotunan yaran nan masu kumburarren ciki sun zaga duniya. Wa ya san sunan yaro ɗaya a cikinsu? Ranar 15 ga Janairu ba tasu ba ce, gama ba su sa kaki ba.

Mu 'yan Afirka mun san zafin a bar mutum ba suna. A 2021 hukumar da ke kula da kaburburan sojojin ƙasashen renon Ingila ta fitar da rahoto, ta amsa cewa aƙalla mutum 116,000 da suka mutu suna yi wa Ingila hidima a Yaƙin Duniya na Ɗaya, yawancinsu 'yan Afirka da mutanen Gabas ta Tsakiya, ba a rubuta sunayensu ko'ina ba, alhali an yi ƙoƙari kowane Bature ya sami dutsensa ko sunansa a bango. Da yawa 'yan dako ne da suka ɗauki kaya a kā har suka faɗi. Gwamnatin Ingila ta nemi gafara. Ranmu ya ɓaci, kuma daidai ne ya ɓaci. Amma abin da muka ƙi a yi wa kakanninmu, ga shi muna yi wa junanmu.

Ba wai mun manta da matattu ba ne gaba ɗaya. Abin da ya faru ya fi mantuwa muni: kowane ɓangare ya riƙe nasa jerin sunaye, shi kaɗai yake karantawa. Ɗan Arewa zai fara daga 15 ga Janairu 1966, ranar juyin mulkin da ya ci Sardauna Ahmadu Bello da matarsa Hafsatu, da Abubakar Tafawa Balewa, da Birgediya Zakariya Maimalari da sauransu. Ɗan Gabas zai fara daga Mayu da Satumba da Oktoba na wannan shekara, lokacin da aka kashe dubban mutanensu a garuruwanmu, a Kano da Jos da Kaduna da Zariya, wasu a tashar jirgin ƙasa suna neman hanyar gida. Mutumin Asaba zai fara daga 7 ga Oktoba 1967, ranar da sojojin tarayya suka tara ɗaruruwan maza da samari a Ogbe-Osowa suka buɗe musu wuta. Dukansu gaskiya suke faɗa. Kowa kuma yakan yi shiru daidai inda jerin maƙwabcinsa ya fara. Ran Lahadi kuwa jikan sojan tarayya da jikar wadda ta tsira daga yunwa suna zaune a benci ɗaya, suna miƙa wa juna hannu da gaisuwar salama, kowa da makokin da ɗayan bai taɓa ji ba.

Na san abin da dattawa za su ce, ba kuwa zan raina shi ba. Za su ce garin tone-tone kaza take tono wuƙar yanka ta. Gowon ya ce babu wanda ya ci, babu wanda aka ci, aka rufe maganar, to, don me za a buɗe? Akwai hikima a wannan tsoro. Mun ga yadda ake ɗaukar gawa a mai da ita tuta, a tara matasa a ƙarƙashinta. Amma a duba da kyau, wace irin tunawa ce take hura wuta? Ita ce wadda take kiran namu kaɗai. Matashin da bai ji labarin 1966 ba sai daga baki ɗaya, a gida ko a wayar hannu, shi ne mai saurin ɗaukar adda. Shirun shekara hamsin bai kashe labarin ba, ya dai bar shi a hannun masu fushi.

Akwai tambaya ta biyu da ta fi wannan wuya. Idan aka haɗa sunan wanda ya harba da sunan wanda aka harba a bango ɗaya, ba an shafe bambancin mai laifi da marar laifi ba ke nan? Uwar da aka kashe ɗanta a Asaba tana da iko ta ƙi ganin sunansa kusa da na sojan da mai yiwuwa shi ya ja kunamar bindigar. Ba zan ce mata ta yi kuskure ba. Abin da zan iya nunawa shi ne yadda Littafi Mai Tsarki ya bi da irin wannan al'amari. A Littafin Makabiyawa na Biyu, sura 12, Yahuza ya tafi da mutanensa su kwashe gawawwakin sojojinsa bayan yaƙi, sai suka tarar da layun gumaka a ƙarƙashin rigunansu, abin da Shari'a ta haramta. Duk wanda ya girma kusa da bariki ya san sojanmu da laya da guru, ba sai an yi masa bayani ba. Yahuza bai ɓoye abin da aka gani ba, ya bar jama'a suka sani, ya kuma gargaɗe su. Bai kuwa bar gawawwakin ga ungulu ba. Ya tara kimanin azurfa 2,000 ya aika Urushalima a miƙa hadaya dominsu. Ya faɗi laifin, ya kuma yi wa masu laifin addu'a, ɗayan bai hana ɗayan ba. Haka nan a Littafin Sama'ila na Biyu, sura 3, bayan dogon yaƙi tsakanin gidan Saul da gidan Dawuda, yaƙin 'yan'uwa irin namu, sa'ad da Yowab ya kashe Abner, shugaban mayaƙan ɗaya ɓangaren, sarki Dawuda da kansa ya bi makara, ya yi kuka a bakin kabari, ya ƙi cin abinci har faɗuwar rana, ya kuma ambaci wanda ya yi kisan a fili, ko da yake ɗan 'yar'uwarsa ne.

Rubuta sunan mutum ba wanke shi ba ne. Shari'a tana hannun Allah, abin da ya faru kuma aikin masu tarihi ne su faɗe shi ba ragi. Suna shaida ne kawai cewa wannan ma haihuwarsa aka yi, an yi masa bikin suna, wata mace ta goya shi. A tsibirin Okinawa na ƙasar Japan, inda aka yi ƙazamin yaƙi a 1945, an buɗe wurin tunawa a 1995 kusa da gidan tarihin zaman lafiya. An sassaƙa sunaye fiye da 240,000 a kan duwatsu: manoma da jarirai na tsibirin, sojojin Japan, sojojin Amurka da na Ingila da suka zo yaƙarsu, da mutanen Koriya da Taiwan. Kowace shekara ana ƙara sunayen da aka gano, ran 23 ga Yuni kuma iyalai su zo da abinci da furanni su zauna gaban sunan nasu. Gidan tarihin bai fasa bayyana abin da sojoji suka yi wa farar hula ba don an rubuta sunayensu a waje.

Muna fata hukumar gidajen tarihi ta ƙasa za ta yi tunanin irin wannan a Umuahia, domin ɗalibin da ya gama kallon Ogbunigwe ya tarar da bangon sunaye kafin ya kai ƙofar fita. Amma ba sai mun jira Abuja ba. Ikilisiya tana da abin da gwamnati ba ta da shi: littattafan baftisma da na jana'iza, da katikis a kowane ƙauye, da ranar 2 ga Nuwamba wadda muke miƙa Misa domin dukan matattu ba tare da tambayar ƙabila ko ɓangare ba. Kowace majami'a tana iya buɗe littafi guda. Katikis da 'yan Zumuntar Mata da matasa su bi gida-gida su tambayi tsofaffi: wa kuka rasa tsakanin 1966 da 1970? A rubuta sojan da bai dawo ba, da ɗan kasuwar da aka kashe a Sabon Gari, da jaririyar da ta mutu a goye a hanyar gudu, da maƙwabci Musulmi da ya tafi fagen fama tare da ɗanmu. A bi da su bisa ga haruffa, ba muƙami, ba ɓangare, a karanta su a Misa ta watan Nuwamba, ko da zai ɗauki Lahadi huɗu. Wanda yake da shekara 18 a 1970 ya haura saba'in yanzu, sunaye da yawa kuma a bakin mutum ɗaya tak suka rage. A fara da gidajen da katikis yake kai wa tsofaffi Jibi Mai Tsarki.