Kafin a Zuba wa Gawa Ruwa

Ɗana, matso kusa, ba faɗa zan yi maka ba. Labarin mutumin nan da kuka tsinta a gefen hanyar Magama ya iso ni: kai da samarin sintirinku kun ɗauke shi, kun tuɓe masa riga kun yar, an yi masa wanka, kafin azahar an kai shi makwanci. Niyyarku kyakkyawa ce, Allah ya ba da lada. To amma ga danginsa sun tsallako daga Ɗan Isa suna tambayar abin da ya kashe ɗan'uwansu. Wannan ya ce mota ce, wancan ya ce 'yan bindiga ne, har wani ya fara ambaton sunan abokin cinikinsa. Wa zai raba gardamar nan yanzu, alhali shaidar tana ƙarƙashin ƙasa?

Da kun dakata, akwai abubuwan da likita zai karanta a jikinsa. Idan zuciya ta tsaya, jini yakan gangara ya taru a ɓangaren da ke ƙasa, fatar wurin ta yi duhu, bayan awa 8 zuwa 12 kuma tabon ya zauna ba ya gusawa. A baƙar fata irin tamu sai gwani ke gane shi, amma yana nan. Mutumin da aka samu rigingine, tabon kuwa yana ƙirji da ciki, bayan ya cika ne aka juya shi, ko aka kawo shi daga wani wuri aka yar. Sandarewar jiki ma agogo ce: daga muƙamuƙi da wuya take farawa bayan awa 2 zuwa 4, ta game jiki wajen awa 12, sannan ta saki. Zafin bazarar Jibiya yana gaggauta duk wannan, shi ya sa ba a kwana kafin a kira likita.

Rauni kuwa kowanne da kamarsa. Harsashi yakan shiga ta ƙaramar kafa, in ya fita ya bar ɓaraka mafi girma. Baƙin hayaƙin albarushi a bakin kafar yana nuna daf da shi aka harba, kuma da soso ya bi ta wurin shi ke nan, ya tafi. Wanda mota ta buge yana tafe a ƙasa, sau da yawa ƙaurinsa ke karyewa daidai tsayin bamba, a sami ɓarɓashin gilashi ko fenti a tufafinsa. Raunin da aka ji wa mai rai yana kumbura, jini ya kwanta a naman. Wanda aka yi bayan rai ya fita ba ya haka. Har ƙarƙashin farcensa ana dubawa, ko ya yakushi wanda suka yi kokawa. Ka ga abin da rigar nan da kuka jefar za ta iya faɗa?

Ka tuna ambaliyar watan Yulin 2018, da ta ci mutum fiye da 40 a garin nan, ruwa ya kwashi wasu har Madarumfa cikin Nijar. A bakin iyaka muke, gawar da aka tsinta ba a san ta wace ƙasa ce ba sai an bincika, kuma da tufafi da zane da tabon jiki ake gane mutum. Ba kuma duk wanda aka tsamo daga gulbi ne ruwa ya ci ba. Wanda ya nutse da ransa, akan ga farin kumfa a hancinsa da bakinsa.

Na san abin da za ka ce: addini ya yi umarni a gaggauta jana'iza. Gaskiya ne, ba na musu, haka muka yi wa iyayenmu da suka cika a ɗaka bayan jinya. Mutuwar da ke da shakku daban take, akwai hakkin jini a cikinta, akwai kuma wanda za a iya ɗora wa laifin da bai ji ba bai gani ba. Ai da yagewar riga ta baya aka wanke Annabi Yusuf, alaihissalam. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, ƙungiyar Musulmi ta duniya, ta zauna a Makka a 1987 ta halatta buɗe gawa idan alƙali na buƙatar sanin sanadin mutuwa. Sau da yawa ma ba a kaiwa ga wuƙa. Likita ya duba jiki ta waje ya rubuta, a ba ku gawa ku yi mata sutura a ranar.

Saboda haka in ya sake faruwa, Allah ya kiyaye, ka kori 'yan kallo su ja da baya, kada su tattake sawu. Ka lulluɓe shi da zane mai tsabta, kada a juya shi. A sanar da mai unguwa da 'yan sanda, su za su nemo likita daga babban asibiti, in abin ya fi ƙarfin nan a wuce Katsina. Masu ɗaukar hoto su watsa a WhatsApp kuwa, ka tsawata musu, ɗan wani ne.

Yanzu tashi ka je ka yi wa baƙin nan gaisuwa. Daga can ka wuce ofishin 'yan sanda ka faɗi yadda kuka same shi kwance da inda kuka yar da rigar, tun ba ka manta ba.