Garayar Gado: A Kaɗa Ko A Rataye?

A wani ƙauye na ƙasar Ɗambatta, inda na tashi, an yi wani tsoho mai kiɗan garaya. Da Allah ya yi masa rasuwa ya bar 'ya'ya biyu maza, da 'yar gona, da awaki huɗu, da garayarsa. Gona da awaki ba su ba kowa wahala ba, malamai suka zo suka raba yadda shari'a ta ce. Garayar ce ta tsaya a tsakani, gama ba ta tsaguwa biyu, in kuwa an kai ta kasuwa ba za ta yi kuɗin ɗan akuya ba. Wan ya ce a naɗe ta cikin tsumma a rataye a ɗaka, kada kowa ya ƙara taɓa ta. Ƙanen, wanda tun yana yaro shi ke bin uban yana kaɗa masa caki, ya ce a ba shi ya ci gaba da kiɗa. Shekara guda cur ba su ci tuwo a akushi ɗaya ba a kan wannan magana.

Watakila mai karatu ya yi dariya, ya ce ina abin faɗa a kan guntun itace da fata? To, a yi haƙuri a ji. Tambayar da ta raba su tana nan a kowane gida: abin da mu ke ƙauna, in yin aiki da shi ne ke cinye shi, mu yi aikin ko mu ajiye?

Sai mu fara da duba yadda kiɗa ke cin garaya. Jikinta itace ne da aka fafe, aka rufe bakinsa da fata, aka zura sanda, aka ɗaura tsarkiya biyu bisa wani ɗan itace da a ke kira jaki. Tsarkiya ce ke fara mutuwa. Kullum a miƙe ta ke, ana dukanta, ana ja ana saki, har ta siranta ta tsinke, ba ta kuwa tsinkewa sai fage ya cika. Bayanta sai fata. Inda hannun dama ke sauka, nan ta ke yin baƙi da santsi, ta yi ta raguwa har wata rana ta ɓule. Da damina ta sha raɓa ta saki, murya ta dushe, sai makaɗi ya kara ta kusa da wuta. Da hunturu ta ɗame har ta nemi tsagewa. Jaki kuma tsarkiya na yanka shi a hankali. Sandar ce mai daɗewa, amma ita ma gumi na rina ta, yatsun hagu kuwa suna sauka wuri ɗaya dare da rana har su yi mata 'yan gurabu. An ce yau da gobe ka sa allura ginin rijiya. Haka gurmi ya ke, haka molo. Goge ma izgarsa ɗaya ɗaya ta ke zubewa.

Waɗannan gurabu su ne hujjar wan, hujja ce kuwa mai nauyi. Na ji shi da kunnena yana cewa, "Ba mu da hoton Baba. Rigarsa an bayar sadaka. Duk duniya ba inda hannunsa ya saura sai a jikin sandan nan. In yaron nan ya yi shekara biyar yana kiɗa, yatsunsa za su shafe na Baba." Gaskiya ya faɗa, ba wanda ya iya ƙaryata shi. Ƙanen kuwa amsarsa guda ce: "Yaya, abin da Baba ya bari murya ce. In an rataye ta, wa zai ji?"

Ba mu kaɗai ne muka taɓa wannan gardama ba. A birnin Cremona na ƙasar Italiya an yi wani gwanin sassaƙa gogen Turawa, sunansa Antonio Stradivari, ya rasu a 1737. Gogunansa da suka saura galibi an kaɗa su shekara da shekaru, an yi ta gyara, fentinsu ya goge. Amma akwai guda da ya yi a 1716 wanda kusan ba a kaɗa shi ba. Yana ajiye cikin gilashi a gidan kayan tarihi na Ashmolean a Oxford, ƙasar Ingila, kamar jiya aka gama shi. Masu sassaƙa kan je su dube shi don su ga ainihin aikin gwanin kafin hannun mutane ya taɓa. Ashe ajiya ma tana da ranarta. Sai dai goge ne wanda a ke zuwa kallo, ba a zuwa saurare.

Ga kuma wani labari daga Amurka. Suna da wani abin kiɗa, mandolin, ɗan'uwan garaya ne, sai dai tsarkiyarsa takwas ce ta ƙarfe, biyu biyu. Wani makaɗi, Bill Monroe, ya sayi wani tsoho da aka yi a 1923, ya yi shekara wajen hamsin yana kaɗa shi, har fuskarsa ta kwaile, duk ta yi zane. A 1985 wani ya shiga gidansa ya farfasa shi da ƙarfen tonon wuta. Aka tsince guntayen, ɗaruruwa, wani gwani ya zauna wata da watanni yana liƙa su, har abin ya sāke yin magana, mai shi ya koma kiɗa da shi. Sai bayan rasuwarsa a 1996 aka kai shi gidan tarihi a Nashville. Jama'a na zuwa kallonsa, abin da su ke nema su gani kuwa shi ne kwailewar nan.

Yanzu mu komo gida. Ni dai a ganina ƙanen ya fi kusa da gaskiya, ga dalilina.

Wan yana tsammani in an rataye garaya za ta zauna yadda ta ke. A Oxford watakila, inda a ke tsare gilashi daga zafi da laima. Amma a ɗakin ƙasa, a ƙauyenmu? Gara na nan, ɓera na son fata, rufi na yoyo a watan Agusta. Garayar da a ke kaɗawa kullum tana hannu: in fata ta fara saki an ji, in ƙwaro ya shiga an gani. Wadda aka rataye kuwa, sai ran da aka kwance tsumma a tarar da gari. Duk manomi ya san wannan. Fartanyar da ke noma bakinta na raguwa kowace damina, amma tana walƙiya. Wadda aka jefa bayan rumbu tsatsa ke cinye ta, ba ta kuwa nome ko kunya ɗaya ba. Ƙarewa dai ba makawa, ko an kaɗa ko an rataye. Abin da ya rage ga mai abu shi ne ya zaɓi wadda za ta cinye shi, waƙa ko gara.

Har wa yau, mece ce ma "garayar Baba"? Tsohon nan da kansa ya sauya mata tsarkiya ba adadi. Fatar da ya fara sa mata ta gada ce, irin ta garayar mafarauta. To, ƙasarmu gona ce kan gona, daga bakin wannan ƙauye kana hangen kukokin wancan, ba sauran dajin da gada za ta ɓuya, sai ya koma fatar akuya. Jaki kuwa ya sassaƙa fiye da goma. Bai taɓa cewa ya yi sabuwar garaya ba, jama'a ma ba su ce ba. Abin da ya riƙe ta garaya ɗaya duk shekarun nan shi ne ba a daina kaɗa ta ba. Ku tuna da Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015. Kuntiginsa ɗan ƙanƙane ne mai tsarkiya ɗaya, irin wanda a kan yi da gwangwani, amma ya kai shi ƙasashen duniya. Darajar a hannun ta ke, da abin da hannun ya fitar.

Amma kada a ɗauka na ce kowane lalacewa daidai ne. In ka ari fartanyar maƙwabci ka yi noma, ba ya cewa ka biya abin da ƙasa ta ci, don ya san da haka ya ba ka. In kuwa ka bar ta a gona ruwa ya doke ta, ko ka sare dutse da ita, sai ka biya, ka kuma ji kunya. Cin aiki dabam, cin sakaci dabam. Wanda ya karɓi garayar gado ya jingine ta a rana, ko ya ba yara su yi wasa, ba shi da bakin cewa ai dā ma kiɗa na cin garaya. Nan wan ke da haƙƙi a kan ƙanensa. Akwai kuma wata hasara da ba zan ɓoye ba: gurabun yatsun tsohon za su tafi, ba kuwa abin da zai komo da su.

Ƙanen ubansu ne ya raba gardamar, wani dattijo mai ƙarancin magana. Ya ce a ba yaro garaya, amma duk abin da aka cire daga jikinta a kai wa babban. Haka aka yi. Da kaka ta zo fatar ta ɓule, aka ɗaye ta aka kai masa, da baƙin gurbin hannun uban a tsakiyarta, ya sa a cikin adakarsa.

Bara na je gida, na karɓi garayar na shafa sandar. Yatsun ƙanen sun fi na uban gajarta, saboda haka gurabunsa sun sauka ƙasa kaɗan. Biyu na tsohon sun shafe sarai. Na can sama guda yana nan, don hannun yaron ba ya kaiwa wurin. Da dare aka yi kiɗan biki a ƙofar gidan mai unguwa, na hangi wan can baya, a gindin gawo, zaune bisa buzunsa. Bai matso ba, bai kuwa tashi ba sai da aka watse.