Ki Bar Shi Ya Je Ya Ga Ikon Allah

 'Yan uwana iyaye mata, sau nawa yaro ya kawo takardar makaranta cewa 'yan sikawut za su fita ranar Asabar, kika ce "ba inda za ka, yawon banza ne"? Sai kuma ki miƙa masa waya ya wuni a ɗaka.

Gaskiya ne Bature ne ya kafa sikawut, Baden-Powell, a Ingila a 1907, sashen ƙananan yara ya biyo baya a 1916. To amma fita kallon halitta ba shi ya fara koya mana ba. A Suratul Gashiya Allah Ya umurce mu da duban raƙumi, da sama, da duwatsu, da ƙasa. Akwai surori masu sunan tururuwa, da ƙudan zuma, da gizo-gizo. Yaronki ya haddace su a Islamiyya, madalla, amma ya taɓa tsugunawa ya ga tururuwa tana jan ƙwayar geron da ta fi ta girma? Wanda ya hau Dutsen Dala ko Kufena da ƙafarsa, yana haki, ya hangi gari a ƙasa, ya fahimci abin da allo kaɗai ba zai ba shi ba.

A can ne kuma ake gwada tarbiyya. Abu Dawuda ya ruwaito cewa a wata tafiya sahabbai sun ɗauki 'yan tsakin wata tsuntsuwa, Manzon Allah (SAW) ya sa aka mayar mata da su. Ɗan shekara takwas mai danƙo a aljihu yana buƙatar jin wannan a gindin bishiya. Haka kawar da ƙaya daga hanya, da hanin yin bahaya a inuwar da mutane ke hutawa, da taimama idan ruwa ya yanke.

Tsoronki ba laifi ba ne, kowa ya san halin da wasu dazuzzukanmu suke ciki. Yara amana ce. Ki tambaya: ina za a je, wa zai raka su, ƙarfe nawa za a dawo? Wuri ya zama kusa da gari, a fita da sanyin safiya, 'yan mata da malama mace. Ki ɗaura masa takalmi mai rufi saboda kunama, ki cika masa gorar ruwa. Idan ya dawo, kafin ki yi faɗan dattin riga, ki ce ya ba ki labarin abin da ya gani.