Ƙuncin Zuciyar Mai Jego: Me Musulunci Ya Ce?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu (S.A.W.) da alayensa da sahabbansa. 

Ya ke 'yar'uwa, sau nawa kika je barka kika tarar da mai jego ta yi jugum, ana ta murna ita ko hawaye take yi? An yi suna, an ma gama wanka, amma ba ta dawo daidai ba. Sai mu yi ta yanke hukunci: wannan ta ce iska ce, waccan ta ce sammun kishiya ne, wata ko ta ce rashin godiyar Allah ne. Alhali sau da yawa cuta ce sananniya, wadda likitoci ke kira ciwon damuwa.

Yawancin masu jego kan yi ɗan saurin kuka da ɓacin rai a kwanakin farko, wannan yakan wuce da kansa kafin mako 2. Amma in ƙuncin ya zarce mako 2, kullum yana nan, ba ta jin daɗin komai, barci ya ƙaurace mata ko da jariri ya yi barci, abinci ya fita ranta, tana ganin kanta uwar banza, to ciwo ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da kashi 10 cikin 100 na masu ciki da masu jego suna fama da shi. Daga cikin sabubbansa akwai saukar wasu sinadaran jiki farat ɗaya bayan haihuwa, da rashin barci, da ƙarancin jini, da rashin mataimaki, da zaman gida marar daɗi. In aka bar shi, yakan shafi shayarwa da shaƙuwar uwa da ɗanta, ya taɓa aure, har ibada ta yi mata nauyi.

To, shin raunin imani ne? Ki duba Suratu Yusuf, aya ta 84: Annabi Yaƙubu (A.S.) baƙin ciki ya kai shi har idanunsa suka yi fari, kuma shi ne mai kyakkyawan haƙuri. Ki duba Suratu Maryam, aya ta 23: naƙuda da kaɗaici suka sa Nana Maryam ta yi burin da ma ta mutu kafin wannan rana. Allah bai tsawata mata ba. Aka lallashe ta, aka nuna mata ruwa, aka ce ta girgiza dabino ta ci ta sha, hankalinta ya kwanta. Wannan shi ne darasinmu: lallashi, abinci da kulawa.

Haka nan Nana A'isha (R.A.) takan sa a dama wa mara lafiya da waɗanda aka yi wa rasuwa talbina, wato kunun garin sha'ir, domin Manzo (S.A.W.) ya bayyana cewa tana sanyaya zuciya. Ashe ita ma zuciya ana jinyarta. Kuma shi ne ya umarce mu da neman magani, saboda haka zuwa asibiti ba ya warware tawakkali.

Ke da abin ya sama, kada kunya ta hana ki magana. Ki gaya wa maigida ko wata aminiya, ki kuma faɗa wa ma'aikaciyar jinya ranar da kika kai jariri rigakafi. Akwai asibitocin ƙwararru a Dawanau ta Kano, da Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato. Ana warkewa ta hanyar zama da ƙwararru a tattauna, ko da magani, wanda yakan ɗauki makonni kafin a ji aikinsa. Akwai irin wanda mai shayarwa za ta iya sha, amma likita ne zai rubuta. Ki riƙe azkar da addu'a, ki haɗa da maganin. In ko kika ji tunanin cutar da kanki ko jaririnki, a tafi asibiti a ranar, kada a kwana.

Ke kuma uwar miji, ko abokiyar zama, ko maƙwabciya, "ki yi haƙuri" kaɗai ba ta isa ba. Ki karɓar mata jaririn ta runtsa, ki ɗora mata tukunya, ki saurare ta, ki kuma rufa mata asiri. A nusar da maigida cikin hikima cewa jinyar nan haƙƙi ce a kansa.

Allah Ya yaye wa masu ƙunci ƙuncinsu, Ya raya mana zuri'a bisa Sunna. Amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.