Guzurin Ɗalibi

Karatu: 1 Sarakuna 19:1-8

Mutanen da suka kafa Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, a Sudan, da ƙafa suka isa can bayan yaƙin Burmi na 1903. Jikokinsu suka yi ta noman auduga a Jazira. Jikin da ke aiki kullum, yana samun dawa da wake, ba ya saurin gajiya.

Kai fa ɗalibi, mai kwana kan littafi da shayi kaɗai? Da Iliya ya gaji har ya roƙi mutuwa, Ubangiji bai fara da tsawata masa ba. Barci ya yi, mala'ika ya ciyar da shi sau biyu, sa'an nan ya yi tafiyar kwana 40 zuwa Horeb.

Addu'a: Ya Uba, ka ba ɗalibanmu abincin yau, da ƙarfin kai wa ƙarshe. Amin.