Tara tsofaffin kuɗi: taskacewa ce ko izina?

Ya ƴan'uwa Musulmi, wani bawan Allah ya nuna mini akwatin tsofaffin kuɗi da yake tarawa: wuri, tamma, liyari da takardun sefa da aka daina karɓa. Tambayarsa ita ce: shin wannan yana cikin taskace dukiya da aya ta 34 ta Suratut Tauba ta yi kashedi a kai?

Malamai sun bayyana cewa taskar da aka zarga ita ce wadda ba a fitar mata da zakka ba. Saboda haka sai mu rarrabe. Takardun sefa na 1992, waɗanda bankin BCEAO ya janye a 2004, sun zama kaya kamar sauran kaya. Babu zakka a kansu sai idan fatauci ake yi da su. Amma liyari, mai hoton sarauniya Mariya Tariza da shekarar 1780, azurfa ce. Nauyinsa wajen giram 28 ne, fiye da giram 23 a ciki azurfa zalla. Nisabin azurfa dirhami 200 ne, kimanin giram 595. Wanda ya mallaki liyari 26 har shekara ta zagayo, to, matalauci yana da haƙƙi a akwatinsa, ko da shi yana kiransu kayan tarihi.

Sannan akwai niyya. Wanda ya adana dinarin Halifa Abdulmalik ɗan Marwan na shekara ta 77 bayan Hijira, mai rubutun tauhidi ba hoto, domin ya koya wa yara tarihi, ilimi ya adana. Wanda kuwa ya sayi tsohuwar takarda da kuɗi masu yawa domin alfahari, alhali maƙwabcinsa ba shi da tiyar hatsi, wannan almubazzaranci ne. Haka wanda ya yaudari tsohuwa ya karɓi liyarin gadonta da ɗan abin da bai kai ya kawo ba, yana sane da darajarsa, ya ci haram.

Akwatin nan kuma wa'azi ne. Kakanninmu sun yi ciniki da wuri a Damagaram da Maraɗi, yau wasa yara suke yi da shi. A watan Janairu na 1994 mutane sun kwana da sefa, suka wayi gari rabin darajarta ya tafi. Masu tafsiri sun ce tsohon kuɗin azurfa ne ya tona asirin Ashabul Kahfi a kasuwa: kuɗin yana nan, sarkin da ya buga shi ya shuɗe.

To, ɗan'uwa, tara idan kana so, amma auna azurfarka, ka fitar da haƙƙin Allah, ka tuna cewa kuɗin da ke aljihunka yau shi ma wata rana tsohon kuɗi ne. Allah Ya sa mu dace, amin.