Kifi Mai Hawan Ruwa: Aya Ce, Ba Abin Tsafi Ba

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (S.A.W.).

Bayan haka, ya kai ɗan'uwa matashi, a Alaska ta ƙasar Amurka akwai wani wuri da ake kira Brooks Falls, inda ruwa ke kwararowa daga kan dutse. Duk watan Yuli mutane na kashe kuɗin jirgi don kallon yadda dabbar beyar ke kama kifin salmon. A rafi ake ƙyanƙyasar wannan kifi, ya gangara teku ya girma, sannan ya juyo ya tunkari ƙarfin ruwa yana tsallake duwatsu har ya iso rafinsa na asali. Masana sun ce da ƙamshin ruwan yake gane shi. A hanya ba ya cin abinci. Ya zuba ƙwai, ya mutu. Subhanallah! Wa ya koya masa hanya?

To, kai mutumin Bodinga ko Shagari ba ka bukatar jirgi. In damina ta sauka ruwa ya cika, je bakin fadama ka ga tarwaɗa tana bin sabon ruwa don zuba ƙwai. Gaiwa kuwa, da rani sai ta shige cikin laka, watanni tana jiran ruwa. Suratun Nahli ta lissafa naman ruwa cikin ni'imomin Ubangiji. Amma in kallon ya sa ka bar La'asar har rana ta yi ja, wallahi ba tafakkuri ka yi ba, yawo ka yi.

Abin takaici, wasu na yanka baƙin akuya a bakin gulbi, wai don iskokin ruwa su saki kifi. Wannan shirka ce ƙarara, ko da kakanka ka gada. Aljanin da bai halicci ƙaya ɗaya ba, ina ya ga kifin bayarwa? Aka gina madatsar Bakolori a 1978, ambaliya ta ragu a fadamun ƙasa, kifi ya ragu. Wane iska ya hana?

Sai kuma masu zuba gamalin a tafki, da masu jan gidan sauro su kwashe 'ya'yan kifi. Wannan ɓarna ce a bayan ƙasa, kuma guba ce kake kai wa Musulmi kasuwa. In abokinka na yi, ka hana shi. In ya ƙi, kai magana ga mai unguwa.

Wassalamu alaikum.